Babban Jankin Adjamé

Kwanakin baya ina zaune a ƙofar gida bayan la'asar, jikokina biyu suna gardama a kan wata kalma da suka tsinto a makaranta. Kafin in gyara zama in sa musu baki, ƙaramar ta zaro waya, ta latsa sau biyu, ta karanta wa yayanta ma'anar kalmar da asalinta da ƙasar da ta fito, gardama ta mutu tun ba ta yi haƙori ba. Na dube su na ji tausayinsu. A zamaninmu kalma ɗaya takan ciyar da majalisa mako guda. A yi ta juya ta kamar waina a tanda, kowa ya kawo abin da ya ji a bakin kakansa, a rantse, a yi fushi, a sha shayi, a tashi ba a gama ba. Kalma a lokacin, da ƙafa take tafiya kamar fatake, ta kwana a wannan gari, ta sake riga a wancan, kafin ta iso wurinka ba ka san wace ce uwarta ba. Ni kuwa akwai kalmar da ta kusa mayar da ni gida daga Abidjan da jaka ɗaya da kunya buhu guda, shi ya sa har yau in na ji yaro ya ce ai ya san ma'anar abu, sai gabana ya faɗi.

Na je Abidjan ina saurayi, na gama sakandare na rasa abin yi, mahaifiyata ta tura ni wurin yayanta, Kawu Alhaji Sale, wanda ya haura shekara ashirin a can yana shigo da tsofaffin injinan mota da kayan gyara ta jirgin ruwa. Gidansa yana Treichville, ba nisa da babban masallaci, shagonsa kuma yana Adjamé, cikin kasuwar tsofaffin ƙarafa da ake kira lakas. Har gobe ina iya jin sautin safiyar Treichville a kunnena: kiran salla, sai kukan jiragen ruwa daga tasha, mai kauri kamar na bijimin da ya ɓata a daji, sai mata masu tallan aceke, wato garin rogon nan da ake turarawa, suna jan murya a bakin layi. Aikina na farko kullum shi ne in cika butoci, in share tsakar gida, in ɗauki jakar takardun Kawu in bi shi a baya. In mun tsallaka gada muka isa Adjamé kuwa, sai duniya ta sake murya. Yaran motocin haya suna dukan jikin mota da tafin hannu suna kiran unguwanni, masu baro suna neman hanya, a cikin lakas kuma guduma ce take magana tun safe har magariba. Duk wanda ya shekara a wurin nan ba ya ƙara iya magana a hankali, ko gaisuwar rasuwa zai yi sai an ji shi a layi na uku.

Kawu mutum ne dogo, mai furfura a gemu kawai, wanda ko a tsakiyar baƙin mai ba ya rabuwa da farar riga. Ba ya shan taba, goro ma ɓari ɗaya yake ci a yini, maganin ciwon kai kuwa sai matarsa Hajiya ta yi da gaske kafin ya haɗiya. Shi yake jan salla a ɗan masallacin layinsu na lakas, shi kuma ake turawa gaban hukuma in wani Bahaushe ya shiga matsala. Yana da maganganun da yake maimaitawa har mun haddace. In aka kawo masa injin da ya yi tsatsa, sai ya shafa shi ya ce, "Ƙarfe ba ya mutuwa, sai dai ya sake ubangida." In ɗan kasuwa ya cika surutu, ya ce, "Gangar da ba komai cikinta ta fi ƙara." Karatun boko bai yi ba. Faransancinsa na kasuwa ne, wanda ya isa ciniki da gaisuwa da faɗa, Julanci kuwa kamar an haife shi a ciki.

Ni ban iya Faransanci ba ko kalma goma, amma ina da abin da duk layin babu mai shi, wato Turancin Ingilishi. 'Ya'yan Kawu da aka haifa a can Faransanci suke yi kamar ruwa, Hausarsu kuwa sai ka tausaya mata, amma in takarda ta zo daga masu aiko da kaya, ko wani ɗan Ghana ko Laberiya ya zo sayen inji, ni ake kira. Suka sa mini suna Ɗan Boko. Aka ba ni tebur da kujera a cikin shago, inda inuwa take, sauran ma'aikata suna waje suna wanke injina da kananzir. Kai ya kumbura. Na fara sa biro biyu a aljihun gaba, kuma ban ƙara cewa ban sani ba a kan komai.

Wata rana maƙwabcinmu a layi ya kafa sabon allo a saman shagonsa, da jan fenti, wai shi ne sarkin injinan Adjamé. Kawu ya kwana biyu yana satar kallon allon nan. Ran na uku ya kira ni ya ce, "Ɗan Boko, mu ma za mu yi allo. Amma ba na son Faransanci zalla, kowa yana da shi. Ka samo mini kalmar Ingilishi mai nauyi. Yaya Bature yake kiran babban mai harkar tsofaffin ƙarafa?"

To, ni na san kalmar junk, don na sha ganinta a takardun kaya, ma'anarta tarkace, tsofaffin ƙarafa. Kuma akwai wata Lahadi da rana da na saci jiki na shiga gidan bidiyo a Treichville, na kalli wani fim na Amurka wanda ban ji rabin abin da suke faɗa ba. A ciki na ga wani mutum yana tura keken kasuwa cike da tsofaffin ƙarafa, ɗan sanda ya tsayar da shi ya kira shi janki. Sai na haɗa biyu da biyu. Ga ƙarfe, ga mai ƙarfe, ga sunansa daga bakin hukuma. Me ya rage?

Na ce, "Kawu, janki ake cewa."

Ya juya kalmar a bakinsa kamar mai ɗanɗana miya. "Janki. Tana da daɗin faɗa. Ka tabbata?"

"Kawu, a Amurka ma haka hukuma take kiransu."

Ya ce to a sa masa babba a gaba, don shi ba ƙaramin janki ba ne, ya fi shekara ashirin a cikin harkar.

Mai rubuta alluna a wancan zamanin wani ɗan Ghana ne, Kofi, mai rumfa a bakin titi. Yanzu inji ne yake buga allo cikin minti kaɗan, har da hoton mai shago yana murmushi. A lokacin sai mutum ya ja layi da alli, ya riƙe numfashi, ya bi kowane harafi da buroshi. Na miƙa wa Kofi takarda. Ya karanta, ya dube ni, ya sake karantawa, ya tambaye ni da Ingilishi ko Alhajin da kansa ya ce a rubuta haka. Na ce da bakinsa. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, to, mutumin da ya faɗi gaskiya a kan kansa ya fi wanda ya ɓoye. Na ɗauka yabo ne. Bayan kwana uku aka ɗaga allon ƙarfe, shuɗi da fari, faɗinsa ya kai ƙofa biyu: EL HADJ SALE, GRAND JUNKIE D'ADJAMÉ. A ƙasa kuma, da ƙananan haruffa, GROS ET DÉTAIL, wato sari da ɗai-ɗai.

Abin da ban sani ba shi ne kalmar ta riga ni isowa Abidjan. Ta biyo finafinai da bakin 'yan jirgin ruwa, ta shiga Faransancin samari, ta zauna daram, kuma duk yaron da ke yawo a titi ya san janki shi ne wanda ƙwaya da hodar iblis suka gama cinyewa.

Kwana biyun farko Kawu bai taɓa jin daɗina kamar lokacin ba. Mutane suna tsayawa gaban shago, su ɗaga kai, su karanta, su kira abokansu su ma su zo su gani. Samarin lakas in sun wuce sai su dunƙule hannu su ce, "Grand janki!" Kawu ya ɗaga musu hannu daga kan kujerarsa ya ce, "Merci, merci." Ya juyo gare ni ya ce, "Ka ga amfanin ilimi? Allon wancan ko kuda bai tsaya kallonsa ba."

Ran na uku sai wasu irin baƙi suka fara zuwa. Ramammu, idanu jajaye, suna tafiya suna waiwaye. Na farkon ya matso kusa da Kawu har yana taɓa farar rigarsa, ya yi ƙasa da murya ya ce yana son kaya, na ɗai-ɗai.

Kawu ya ce, "Na wace mota?"

Mutumin ya yi murmushi ya ce, "Tsoho, wanda yake tashi da mutum sama."

Kawu ya ce, "Ɗana, mu kayan jirgin sama ba ma sayarwa. Ka gwada wajen filin jirgi."

Mutumin ya tafi yana gyaɗa kai, da alama ya ɗauka wata kalmar sirri ce bai kawo daidai ba, don washegari ya dawo da abokinsa.

A gida kuwa, babbar 'yar Kawu, Hajara, wadda take ajin ƙarshe na sakandare, ta riga ta ji labari tun ranar farko, don 'yan ajinsu sun tare ta suna tambayar ko babanta yana yi wa ɗalibai ragi. Ta yi kuka ta gaya wa uwarta. Hajiya ta ce, "Ke za ki je ki gaya wa ubanki bai san abin da ya rubuta a shagonsa ba? Ni dai ba da bakina ba." Haka kunya take a lokacin. Gida guda ya san abu, maigida kaɗai bai sani ba, kowa yana jiran wani ya ɗaura wa kyanwa ƙararrawa. Ni ma ba wanda ya gaya mini. Na dai lura Hajara ta daina gaishe ni, kuma naman da ke cikin kwanona ya koma ƙashi.

Sannan sahun salla a masallacin layi ya fara raguwa. Mutum ashirin suka koma goma sha biyu, suka koma bakwai. Wasu suka ce ai dama, farar rigar nan a cikin baƙin mai ba banza ba. Wasu suka ce wa ya san abin da ke cikin injinan da ake saukewa a tasha? Ran na takwas, da hantsi, 'yan sanda uku suka zo. Ba su yi wa kowa rashin mutunci ba. Babbansu ya gaishe da Kawu, ya ce an aiko su su duba kaya. Suka yini suna kwance injina, suna leƙa bututun hayaƙi, suna shinshina gwangwanin giris. Da ba su samu komai ba, babban ya goge hannu, ya nuna allon ya ce, "El Hadj, shekarata goma sha a aikin nan, ban taɓa ganin wanda ya kafa wa kansa allo ba. Ka san abin da ke rubuce a can?"

Kawu ya ce, "Babban mai tsofaffin ƙarafa."

Ɗan sandan ya ce, "A'a. Babban ɗan ƙwayan Adjamé. Sari da ɗai-ɗai."

Da Faransanci ya faɗa, da kalmar drogué, wadda Kawu ya sani sarai. Guduma ta tsaya a layin nan, abin da ban taɓa ji ba. Kawu ya juyo a hankali ya dube ni. Bai zage ni ba, da ya zage ni da na ji sanyi. Cewa ya yi, "Ranar Juma'a za ka bi ni majalisar Baba Maigoro. Kafin nan ka haɗa kayanka ka ajiye kusa da ƙofa."

Baba Maigoro shi ne dattijon Hausawan Treichville, tsohon ɗan kasuwar goro, kuma a barandarsa manya suke zama bayan an sauko Juma'a. Abin da aka taru a kai ranar babba ne: ko Kawu zai ci gaba da jan salla da wakiltar mutane, ko ya ɗan ja baya har ƙura ta lafa. Ni aka zaunar da ni a ƙasa kusa da takalma. Amma da aka buɗe zama aka ambaci kalmar, sai dattawa suka manta da mu gaba ɗaya.

Baba Maigoro ya ce, "Kafin a yanke hukunci a san kalmar tukuna. Wannan ai Hausa ce Turawa suka sace. Kuna cewa jan aiki, kuna cewa jan hali. To wannan jan ƙi ne. Yaro ya ƙi uwa, ya ƙi uba, ya ƙi wanka, ya ƙi salla, ai ya yi jan ƙi. Bature ne harshensa ba ya iya ƙi, sai ya ce ki."

Malam Habu, mai makarantar allo a bayan masallaci, ya gyara rawani ya ce, "Allah Ya gafarta Baba, Larabci ne. Akwai kalmar danki, ƙuncin rayuwa. Duk wanda ya kama hanyar nan ƙunci ne makomarsa. Babu kalmar da ba ta sha ruwan Larabci ba."

"Malam, kai ko tukunya aka ce sai ka ce Larabci ce," in ji Baba Maigoro. "Mutanen garin nan ba yau suka fara ɗaukar namu ba. Aceke da soyayyen kifin da suke layi suna saye kowace safiya, me suke kiransa? Garba. Sunan wa ne? Na kakansu?"

Laji Bakari, aminin Kawu, Bajule ne mai sayar da atamfa a kasuwar Treichville, ya jima da Hausawa har yana zama majalisarsu. Ya yi dariya ya ce, "Ku duka kun yi nisa. A harshenmu jankaro shi ne ciwo. Kalmar tamu ce, an yanke mata wutsiya. Waɗannan yaran marasa lafiya ne, ba wani abu ba."

Sai Ɗanjuma, wanda yake fito mana da kaya daga tashar jirgin ruwa, kuma yana ganin duk abin da ya shafi teku nasa ne, ya ce ya ji daga bakin wani matuƙi cewa akwai jirgin ruwan mutanen Sin mai suna haka, wanda a da can shi yake dakon kayan maye. Baba Maigoro ya tambaye shi ko ya taɓa ganin jirgin. Ya ce bai gani ba, amma ya ga matuƙin. Aka kawo shayi zagaye na biyu. Malam Habu ya aika a ɗauko masa ƙamus. Kawu yana zaune yana jan carbi, jijiyar goshinsa ta miƙe, mutuncinsa na shekara ashirin yana rataye, ana ta faɗa a kan ƙi da ki.

Da la'asar ta kusa ne Laji Bakari ya tuna da ni. "Kai Ɗan Boko, kai a ina ka samo ta?"

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ce, "A fim, Baba."

"A ina ka ga fim?" in ji Kawu. Maganarsa ta farko ke nan tun da aka zauna.

Haka na tona wa kaina asiri na biyu a gaban manya, na ba da labarin gidan bidiyo da mai keken ƙarafa. Baba Maigoro ya ce, "To, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu duka nan ba mai shan abin nan. A nemo mai sunan a tambaye shi." Aka tsayar da cewa gobe da safe za su zo Adjamé su ga allon da idonsu.

Mai sunan kuwa ba sai an neme shi ba, kullum yana zuwa shagonmu. Wani mutum ne ɗan ƙasar, mai kimanin shekara arba'in, siriri kamar sanda, yana sa tsohuwar kwat ko ana zafi. Yakan zo da buhu a kafaɗa cike da guntayen ƙarfe da wayar tagulla da ya tsinto, Kawu ya auna ya saya. Ana kiransa Farfesa, ni kuma na ɗauka ba'a ce. Ashe malamin Ingilishi ne a wata sakandare kafin hoda ta raba shi da aiki da mata da gida. Wata takwas ina cika baki da Turanci a gabansa bai taɓa ce mini uffan ba.

Ran Asabar ya iso da buhunsa ya tarar da dattawa huɗu a kan benci a ƙarƙashin allo. Ya juya zai gudu, Laji Bakari ya kira shi da Julanci, ya sa aka ba shi kujerata, aka sayo masa kofi da burodi. Da ya ci, aka yi masa tambayar. Ya ɗaga kai ya dubi allon, ya ce shi tun ranar da aka kafa shi yake son magana, amma wa zai saurari irinsa?

"Kowane harshe da inda yake kama mu," ya ce, Laji yana fassara wa Baba Maigoro. "Bafaranshe ya kira mu da sunan abin da muke sha. Ku Hausawa kun ce ɗan ƙwaya, kun mayar da ƙwaya uwarmu. Yaran titin nan suna da nasu sunayen, kowace shekara da sabo. Mai Ingilishi kuwa ya kira mu da sunan abin da muke tsinta. Abin da na karanta tun ina mutum shi ne, a can Amurka, da daɗewa, irinmu sukan bi bola suna tsintar tsofaffin ƙarafa su sayar su sayi abin sha. Ƙarafan su ne junk, mai tsintar ya zama janki. Wasu kuma sun ce hodar kanta ake kira tarkace. Ban kasance a wurin ba. Amma ku dubi buhuna ku gaya mini wanne ya fi kama da gaskiya."

Ya juyo ya dube ni, ba da mugunta ba. "Yaron nan bai ƙirƙiro ba. Hula ce ya ɗora a kan da ba nata ba. Jankin ni ne. El Hadj mai sayen ƙarfen janki ne kawai."

Baba Maigoro ya ce ai duk da haka jan ƙi ne, a dubi rabonsa da wanka. Malam Habu ya ce a dubi ƙuncin da yake ciki. Laji Bakari bai shiga gardamar ba, ya tambayi mutumin a hankali, "Ɗan'uwa, kana ciwo?"

Farfesa ya ce, "Ina ciwo, Laji."

Ba wanda ya yi dariya a nan. Kawu, wanda nake jiran ya ji daɗi an wanke shi, fuskarsa ta fi ta ranar 'yan sanda sauyawa. Ya ce, "Wato duk ƙarfen da na saya a hannunka shekara shida, hayaƙi ya zama?"

"Ban da ranakun da na sayi burodi, El Hadj. Ba su da yawa."

Kawu ya daɗe yana kallon sikelinsa. Sannan ya miƙe ya sa aka kawo tsani aka sauke allon. Bai yarda a jefar ba, ya ce a juya bayansa, Farfesa ya faɗa wa Kofi abin da za a rubuta, harafi harafi. Ya dubi Farfesa ya ce, "Daga yau ba zan ƙara sayen ko ƙusa a hannunka ba. Ga tebur can, ga takardu. Ka zo da safe, ka ci abinci a kwanon da nake ci. Ranar da ka sha kada ka zo, ranar da ba ka sha ba kada ka ƙi zuwa." Ya juyo kaina. Na riga na ga kaina a motar Kano. Ya ce, "Kai kuma kwance kayanka, ba zan mayar wa ƙanwata da abin kunya ba. Ajiye biron nan ka ɗauki buroshi. Je ka waje wurin injina. Ƙarfe ba ya jin Turanci, ba za ka iya ɓata masa suna ba."

Ranar da azahar sahu ya cika har waje, don dattawan Treichville huɗu ne suka tsaya a bayan Kawu, wanda duk ya gani kuwa ya san an gama magana.

Shekara uku na yi ina wanke injina da kananzir, kuma a nan na koyi sana'ar da ta ciyar da ni har tsufa. Farfesa sau uku yana ɓacewa, wani lokaci mako, wani lokaci wata biyu. Duk sanda ya dawo, Kawu ba ya tambayarsa inda ya je, sai ya tura masa kwano ya ce, "Wanke hannu." A karo na huɗu ya zauna. Shi ya koya mini Faransanci a bayan shago lokacin hutun azahar, ya kuma koya mini jimlar da ta fi kowace wuya a Ingilishi, wadda ma'anarta ita ce ban sani ba. Da rikici ya zo garin, aka rufe kasuwa, kowa ya kama gabansa, Farfesa ya tafi ƙauyensu. Labarin ƙarshe da na ji, yana koyar da yara a can. Ban san abin da ya biyo baya ba, kuma ba zan ƙirƙira masa ƙarshe ba.

Allo dai an juya shi, amma baki ba a juya shi. Daga Adjamé har Treichville, Kawu ya zama Alhaji Janki. In baƙo ya ce yana neman Alhaji Sale, sai a ce wanne a ciki, ai su bakwai ne. In ya ce Janki, yaro ma zai kai shi har ƙofa. Shekarun farko Kawu yakan murtuke fuska ya ƙi amsawa. Daga baya ya gaji, har in an kira waya an tambayi wa ke magana, yakan yi ajiyar zuciya ya ce, "Shi ne."

Bayan rikicin Kawu ya tattara ya dawo gida, ni ma na biyo shi, a nan Allah Ya karɓi abinsa. Mutanen Abidjan suka cika mota guda suka zo gaisuwa. Muna zaune a kan tabarmi ranar uku, su kuma kowa ya buɗe baki sai ya ce Allah Ya jiƙan Alhaji Janki, Alhaji Janki mutumin kirki ne. Limamin garinmu, tsoho mai tsarkin zuciya wanda bai taɓa wuce Zariya ba, ya jingino gare ni ya ce, "Wai mene ne Jankin nan da suke ta faɗa?"

Na dubi 'ya'yan Kawu, na dubi mutanen gari da suka zuba mini ido. Na ce, "Allah Ya gafarta Malam, wata sarauta ce ta can."

Liman ya gyaɗa kai cike da gamsuwa. Da aka zo addu'a ya ɗaga hannu ya roƙa wa mamaci gafara da rahama, muka amsa. Sannan ya ɗaga murya ya ce, "Sarautar nan ta Janki kuma da ya riƙe a ƙasar baƙi, Allah kada Ka fitar da ita daga gidan nan. Allah Ka sa 'ya'yansa da jikokinsa su gaje ta."

Mutanen gari suka amsa da amin mai ƙarfi. A ɓangaren mutanen Abidjan kuwa tsit kake ji, hannuwa a sama, kowa ya sunkuyar da kai, kafaɗu suna rawa. Liman ya buɗe ido ɗaya ya dube su, ya maimaita addu'ar, a zatonsa ba su ji ba.